Jiri ya ɗebe ni a kan babur da tsakar rana, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sana'ata kai wa mutane saƙo a kan babur, kusan wuni nake a titi. Shekaranjiya wajen ƙarfe 2 na rana ina cikin tafiya kaina ya sara, idona ya yi duhu, ban ankara ba sai ga ni na sauka daga kwalta, saura ƙiris in faɗa kwata. Allah ya tsare. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ranar ko hular kwano ban sa ba saboda zafi, 'yar riga ce mai gajeren hannu a jikina, kuma ban ji ina gumi ba. Me ya jawo haka, kuma yaya masu daɗewa a kan babur suke yi a irin wannan yanayi?

Wani tsohon ɗan babur: Wa alaikumus salam. Sannu ƙanena, Allah ya kiyaye gaba. Amsarka tana cikin tambayarka. Gumi kana yi, iskar gudu ce take busar da shi tun kafin ka ji danshinsa, ruwan jikinka yana ƙarewa kai kuma kana ganin lafiya lau. Sannan wannan iskar da kake tuɓe riga dominta, idan zafin gari ya haura digiri 35 zuwa 37, ta fi fatarka zafi. Tana ƙara maka ne, kamar ka tsaya a bayan salansar babbar mota. Ni da na fara haka na yi ta yi, sai da na kwanta kwana biyu na gane. Ka nemi riga mai dogon hannu, marar nauyi, mai hasken launi, wadda iska ke ratsawa. Ka jiƙa ƙyalle ka ɗaura a wuya, in ya bushe ka sake jiƙawa. Hula kuwa ka mayar da ita kanka. Kwalta ba ta yin laushi don ana zafi.

Wani mamba: Baba, maganar gaskiya hular nan dafa kai take yi. Ni in na sa ta na fi jin jiri.

Tsohon ɗan babur: Wace iri ce taka? In baƙa ce marar ƙofofin iska, dole ka ji haka. Akwai fara mai huda a goshi da ƙeya, ka buɗe su. Kuma soson cikin yana ciruwa a yawancinsu, a wanke a shanya. Wasu shekara guda ba su wanke ba, sai su ce hular ce ke sa musu ciwon kai.

Wata ma'aikaciyar jinya: Malam, abin da ya same ka gargaɗi ne, kada ka ɗauke shi da wasa. Matakin farko shi ne galabaita: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ɗaurewar jijiyar ƙafa ko ta ciki. Da ka ji ɗaya daga ciki, tsaya a inuwa, cire hula, sassauta kaya, zuba ruwa a kai da wuya, ka sha ruwa kaɗan-kaɗan. Kada ka ce bari in ƙarasa kai wannan saƙon. Mataki na biyu shi ne mai kisa, lokacin da zafin jiki ya kai digiri 40 ko ya wuce, mutum ya rikice, magana ta sarƙe, ya yi ta tangaɗi ko ya suma. Wannan sai asibiti da gaggawa, kuma kafin a isa a yi ta jiƙa shi da ruwan sanyi ana yi masa fifita, musamman wuya da hammata da matse-matsi. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki.

Game da sha: mai aiki a rana yana iya zubar da lita guda ta gumi cikin awa ɗaya, wani ma fiye. Kada ka jira ƙishirwa, ka riƙa kurɓa duk bayan minti 20 zuwa 30. Fitsarinka ne ma'auni, in ya yi ja ko ka wuni ba ka yi ba, ruwa ya yi ƙaranci. Gumi yana tafiya da gishiri, don haka ranar da ka sha rana sosai ka haɗa ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1. Tambaya ɗaya: kana shan maganin hawan jini? Wasunsu suna ƙara yawan fitsari, in haka ne ka gaya wa likitanka irin aikin da kake yi.

Mai tambaya: A'a Anti, ba na shan komai. Amma gaskiya ranar tun safe ban sha ruwan kirki ba, gudun yawan tsayawa fitsari.

Ma'aikaciyar jinya: To ka gani. Tsayawar minti biyu ka guda.

Wani bakanike: Ku bar ni in yi wa babur ɗin magana, shi ma yana jin jiki. Iskar taya da safe ake aunawa kafin a hau. In ta yi zafi gejin zai nuna ta ƙaru, kada ka sace iskar, da ta huce za ta koma daidai. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce ta fi ɗaukar zafi, ita ke fashewa. Yawancin ƙananan babura iska ce ke sanyaya injinsu, to in cunkoso ya riƙe ka wuri guda, kashe inji. Duba baƙin mai a kai a kai. Kada ka cika tanki har baki, fetur yana kumbura da zafi ya tsiyayo kan inji. Ka kuma kula da wuraren da kwalta ta narke tana ƙyalli, da layukan facin titi, santsi gare su a kwana, kada ka taka birki da ƙarfi a kansu. Silifa kuma a bar ta a gida, na ga ƙafafun da salansa ta saɓule wa fata.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da mai gidana, ya yarda in riƙa kai saƙonnin nesa da sassafe, daga ƙarfe 12 zuwa 4 kuma na kusa kawai. Baba, hular tawa baƙa ce, in yi mata farin fenti?

Tsohon ɗan babur: Kul, kada ka soma. Sinadarin wasu fentin yana cin robar hula ya rage mata ƙarfi, ido kuma ba ya gani. Ci gaba da sa ta a haka har ka samu fara.