Neman shawara: gardamar indi rok ta hana mu sayen tikiti

Mai tambaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana kiɗan Turawa ku raba mana gardama. Mu huɗu ne, ɗalibai a Manchesta, muna so mu sayi tikitin wasan wasu makaɗan indi rok a wani ƙaramin zaure mai cin mutum kamar 400. Ɗayanmu ya ce asarar kuɗi ce, wai 'yan indi ba su iya wasa a gaban jama'a ba, abin da ke faifai daban, abin da za ka ji a zaure daban, ko muryar mawaƙin ba ta fita. Wani ya ce ai sun daina zama indi tun ranar da suka sa hannu da babban kamfani. Na ukun kuma ya kafe shi dai shugez, wani salon kiɗan jita, suke kaɗawa. To me ke sa a kira kiɗa indi? In kuma mun je, a ina za mu tsaya, me za mu riƙe?

Mai tara faifai

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin wani ya tambaya, ba ruwan kalmar nan da Indiya. An gutsuro ta ne daga kalmar Turanci mai nufin cin gashin kai, kuma asalinta maganar kasuwa ce, ba ta sauti ba. Daga ƙarshen shekarun 1970 ƙananan kamfanonin faifai suka yi ta ɓullowa a Ingila: Rough Trade a Landan, wanda ya soma da shagon sayar da faifai a 1976, Factory a nan garinku a 1978, 4AD a 1980, Creation a 1983. A Janairun 1980 aka fara fitar da jadawalin waƙoƙin indi na mako-mako, sharaɗin shiga kuwa ɗaya ne: kada faifan ya bi ta hannun manyan kamfanoni kafin ya isa shago. Ba wanda ya tambayi ko da jita a ciki. Shi ya sa a 1988 mawaƙiya Kylie Minogue, da kiɗanta na rawa zalla, ta hau saman jadawalin, don kamfaninta ba na manya ba ne.

Daga baya sunan ya manne wa wani sauti: jita mai amo kamar ƙararrawa, murya ba kwalliya, ɗauka ba tsada. The Smiths da ke Rough Trade sun taimaka wajen haka, haka ma kaset ɗin C86 da mujallar NME ta fitar a 1986. Tun daga nan kalma ɗaya take ɗauke da ma'ana biyu, abokanka kowa ya kama ɗaya ya riƙe.

In za a bi ma'aunin abokinka na biyu sai an kori rabin gida. Creation ya sayar wa babban kamfanin Sony kusan rabin hannun jarinsa a 1992, kafin ma makaɗan Oasis su shigo kamfanin. Sub Pop na Siyatil ya sayar wa Warner kashi 49 cikin 100 a 1995. Kundin farko na The Strokes a 2001 ya fito ta Rough Trade a Ingila, ta babban kamfanin RCA a Amurka. Faifai ɗaya ne fa, sai a ce indi ne a wannan gaɓar teku, a waccan ba indi ba? In maganar kamfani ce ke damunku, ku duba bayan faifan, ko ƙasan shafin kundin a Spotify, inda ƙananan haruffan P da C suke cikin da'ira. Sunan mai haƙƙin yana nan. Sai ku duba ko reshe ne na manyan kamfanonin nan uku, Universal, Sony ko Warner. Aikin minti biyu ne.

Injiniyan sauti

Ƙanena, abokinka na farko bai yi ƙarya ba a abin da kunnensa ya ji, sai dai ya ɗora laifin inda ba nan yake ba. Ka tambaye shi a ina ya tsaya. Zan yi mamaki in ba gaban dandamali ya manne ba.

Ga yadda abin yake a zaure mai cin 400. Ganguna suna da ƙararsu ko babu makirfon. Kowane mai jita yana da amfilifayarsa a bayansa, kuma mai wat 30 zuwa 50 ta isa ta cika ɗakin ita kaɗai. Murya kuwa ba ta da hanyar fita sai ta manyan lasifikun da ke hagu da dama na dandamali, su kuma tsakiyar zaure suka dosa. Wanda ya tsaya a sahun farko, tsakiya, lasifikun sun wuce shi ta gefe. Abin da ke dukansa kai tsaye ganga ce da amfilifaya, murya sai ɗan abin da bango ya dawo da shi. Wasu zaurukan kan jera ƙananan lasifiku a bakin dandamali don gyara wannan, da yawa ba su da su.

Matsala ta biyu: abin da ke sa ka gane kalmomin mawaƙi yana tsakanin haz 2,000 zuwa 4,000 a ma'aunin kaifin sauti, kuma daidai nan jita mai ƙugi da farantan ganga suke zaune, sai su danne shi. Injiniya ba zai iya rage amfilifayar da ke kan dandamali daga teburinsa ba, iyakarsa ya ƙara murya. In ya ƙara ya wuce kima, makirfon ya ɗauki sautin lasifikar da ke gaban ƙafar mawaƙi ya mayar mata, ta sake fito da shi, sai ka ji wannan kuwwar mai tsaga kunne. Don haka akwai inda dole ya tsaya. Mawaƙi mai rera a hankali, irin da yawa daga 'yan indi, shi ya fi shan wannan wahalar.

Saboda haka:

Ku nemi inda teburin injiniya yake, yawanci wajen kashi biyu cikin uku na tsawon zauren daga dandamali, ku tsaya taku biyu ko uku a gabansa. Da kunnensa a nan ya daidaita komai. Ku guji kusurwa da jikin bango, nan bes, wato sauti mai kauri, ke taruwa ya zama gurnani. In akwai bene mai leƙowa, kada ku shiga ƙarƙashinsa.

Kada ku yanke hukunci da waƙoƙi biyun farko. An gwada sauti da rana zaure babu kowa, yanzu ga mutum 400, jikin mutane da rigunan sanyi suna shanye sauti mai kaifi. Injiniya na buƙatar waƙa biyu ko uku kafin ya gyara.

Kada kuma ku auna masu buɗe fage da ma'aunin manyan baƙi. Manyan su ke fara gwaji, su ci lokaci yadda suke so. Masu buɗewa wani lokaci minti goma suke samu, a duba ko kowace waya na aiki kawai. Suna yin kamar minti 30, a ɗauki 15 zuwa 20 ana sauya kaya, manyan su yi awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Zauruka da yawa a Ingila suna tsayar da kiɗa ƙarfe 11 na dare.

Batun faifai daban, zaure daban kuwa, dole ne. A situdiyo mai jita ɗaya kan ɗauki layi biyar ko shida a jera bisa juna, mawaƙi ya yi amshin kansa. A dandamali hannu biyu gare shi. Ko dai su rage waƙar ta yi daidai da mutum huɗu, ko su ɗauko ƙarin makaɗi, ko su kunna sauran daga kwamfuta. In ka ji kayan kiɗan da babu mai riƙe da shi, ga mai ganga da abin ji a kunne, ga kwamfuta a gefensa, to na ukun ne: yana bin ƙyas-ƙyas ɗin da ke ƙirga masa lokaci. Illar haka, ba su da damar tsawaita waƙa ko ƙara mata sauri in jama'a sun ɗauki zafi.

Anti mai jita

Yaya mai tara faifai, tarihinka daidai ne, amma ban yarda a watsar da laƙabi gaba ɗaya ba. Indi ne ya yi faɗi har ya daina nuna komai. Shugez kuwa yana gaya maka abin da za ka tarar. 'Yan jaridar Ingila ne suka raɗa shi wajen 1990, da ba'a ma, wai masu kallon takalmi, saboda makaɗan kansu na sunkuye. Alhali ƙananan akwatunan canza sauti da ake takawa da ƙafa suke kallo. My Bloody Valentine, Ride da Slowdive su ne jigo, dukkansu sun fito ta Creation, ka ga kenan shugez ɗaki ne a cikin gidan indi, abokinka na uku da sauran ba su ma saɓa ba.

Gane shi ba wuya. Jita tana bi ta akwatin ƙugi, da na amsa-kuwwa, da na maimaita sauti, har ba ka jin inda aka kaɗa tsirkiya, sai sauti ɗaya shimfiɗe kamar hazo. Murya kuma da gangan ake binne ta a ciki. To in makaɗan naku irin waɗannan ne, ƙanena, ka gaya wa mai ƙorafin murya tun a gida cewa ko kan teburin injiniya ya hau ba zai ji kalmomi ba. Ba lalacewa ba ce, haka aka dafa shi.

Ɗan Agadas

Ku ɗauki misali daga Nijar. Mdou Moctar, Buzu mai jita, waƙoƙinsa sun fara yawo ne a katin memorin waya, sannan kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar da shi, sannan ya koma Matador, kamfanin indi na Niyok da aka kafa a 1989, inda kundinsa ya fito a 2021. Wani shagon zai ajiye shi a layin rok, wani a layin bulus ɗin hamada, sunan da Turawa ke kiran kiɗan jitar Sahara, wani a layin kiɗan duniya. Wannan na ƙarshen ma masu kamfanonin faifai ne suka zauna a Landan a 1987 suka amince da shi, don masu shago su san inda za su jera kayan da ba na Turai da Amurka ba. A bikin aure a Agadas kuwa ba mai kiran ko ɗaya daga cikin ukun, jita ce kawai. Mai sayarwa ne ya fi mai kaɗawa buƙatar sunan.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai. Malam injiniya, ba ka faɗi abin da za mu riƙe ba. Kuma akwai hanyar sanin ko sun iya wasa kafin mu biya?

Injiniyan sauti

Abin toshe kunne, kowa da nasa. Ƙa'idar da ake bi a wuraren aiki ita ce desibal 85, a ma'aunin ƙarar sauti, na awa 8, duk ƙarin 3 kuma lokacin ya rabu biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 minti 15. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar wuraren kiɗa ya wuce 100, kuma wasan rok a ƙaramin zaure yana kaiwa wajen nan. Lissafa da kanka awa ɗaya da rabi. My Bloody Valentine da Anti ta ambata, da suka dawo wasa a 2008 kyauta aka riƙa raba abin toshe kunne a ƙofa.

Na soso yana karewa sosai, amma yana yanke sauti mai kaifi fiye da bes, sai kiɗan ya zama kamar daga ɗakin maƙwabci. Ku nemi mai matata a ciki, na makaɗa, mai rage desibal 15 zuwa 20 kusan bai ɗaya. In na soso kuka samu, ku murza shi ya sirance, ku ja saman kunne sama da ɗayan hannun, ku tura, ku riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30 ya kumbura a ciki. In rabinsa na leƙowa waje bai zauna ba. Auduga da takardar goge hannu ba sa kare komai. Ku sa tun kafin masu buɗe fage su fara, ba sai kunne ya soma ƙugi ba.

Batun gwaji kuwa, ku bar bidiyon waya da mutane ke ɗauka a cikin taro. Makirfon ɗin waya yana shaƙewa da ƙara, ko gwanaye sai su fito kamar ana buga kwano. Ku nemi sunansu a YouTube tare da KEXP, gidan rediyon Siyatil da ke ɗaukar makaɗa suna wasa kai tsaye da kayan aiki masu kyau, ko shirin Tiny Desk na gidan rediyon NPR na Amurka. A nan za ku ga ko mawaƙin yana riƙe murya, ko mai ganga yana tsere wa sauran. Sai ku leƙa shafin setlist.fm ku ga abin da suka kaɗa a garuruwa biyu ko ukun da suka wuce. In duk sabon kundi ne, ku kuma tsofaffin waƙoƙi kuka sani, gara ku sani tun tikitin bai fita daga aljihu ba.

Anti mai jita

Ƙari ɗaya: ku duba shafin zauren da yammacin ranar, nan suke saka lokacin hawan kowa. Lokacin da ke jikin tikiti na buɗe ƙofa ne. Ku riƙe katin shaida mai hoto, don wasannin dare da yawa na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, kuma mai gadi ba ya karɓar rantsuwa.