Na maƙale a 153 a gwajin LSAT, tambayoyin hujja ne ke kayar da ni

Ɗan Fagge, New York

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa zama LSAT, jarrabawar da ake yi kafin shiga makarantar koyon aikin lauya a Amurka da Kanada. Shekarata ta huɗu ke nan a Bronx. Da rana ina aiki a wani kantin magani, bayan isha'i in buɗe kwamfuta har sha ɗaya da rabi, ranar Lahadi kuma in yi cikakken gwaji da agogo a gabana. Wata biyar ina haka. Na fara da 146, na hau 153, daga nan kamar an ɗaure ni a turke. Gwaji shida a jere ban fita tsakanin 152 da 154 ba. Makin daga 120 ne zuwa 180, makarantar da nake hange kuma sai na haura 160 kafin in sa ran ragin kuɗin karatu.

A sashen karanta dogon rubutu ma ina tuntuɓe, amma can na san lokaci ne ke ƙure mini. Inda ban gane kan abin ba shi ne sashen gajerun hujjoji: layi huɗu ko biyar na wani yana kafa hujja, sai a tambaye ka ina aibin maganarsa, ko me zai ƙarfafa ta, ko me zai raunana ta, ko wane zato ya ɗora ginin a kai bai furta ba. Tambaya wajen 25 cikin minti 35, kowace da amsa biyar. Uku ina zubar da su nan take, in tsaya tsakanin biyu, in ɗauki wadda ba ita ba. Goma ko sha ɗaya nake faɗuwa a kowane sashe. Ga shi tun watan Agustan 2024 da aka cire sashen nan na wasan ƙwaƙwalwa, inda ake ba ka ƙa'idoji ka jera mutane a kujeru, tambayoyin hujja suka zama sashe biyu cikin ukun da ake ba maki, ba ta inda zan kewaye su. Abin haushi, dala 200 na biya wani kwas a intanet, ashe rabin bidiyon a kan sashen da aka cire ne.

Ga irin wadda ta kayar da ni daren jiya, na sauya kayan cikinta na mayar da ita Hausa. Shugaban wani ɗakin karatu ya ce: "Ba za a bar ɗakin nan a buɗe har dare ba sai an ƙara ma'aikata. Bana an ƙara ma'aikata uku. Saboda haka za a bar shi a buɗe har dare." Ina aibin? Ni na zaɓi amsar da ta ce bai duba ko mutane na zuwa karatu da dare ba. Wallahi har yanzu gani nake amsata tana da ma'ana. Ko dai kaina ne ba na aikin lauya ba?

Malam Na-Zaure, Toronto

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kanka lafiyarsa ƙalau. In ka taɓa zama gaban malami a zaure, ka riga ka san amsar tambayar nan tun kana yaro, kaya kawai aka sauya mata.

Alwala sharaɗi ce ta sallah. Malaman usulu suna cewa sharaɗi shi ne abin da rashinsa ke jawo rashin abu, amma samuwarsa ba ta tilasta samuwar abin. Ba alwala, ba sallah. To amma don ka ga mutum ya tashi daga gaban buta fuskarsa a jiƙe, za ka rantse ya yi sallah? Ƙila Ƙur'ani zai ɗauka, ƙila barci zai kwanta. Ƙarin ma'aikata shi ne alwalar shugaban nan naka. Da bakinsa ya ce ba za a buɗe ba sai da su, bai ce da zarar sun samu an buɗe ba. Ana iya buƙatar kuɗin wuta, ko mai gadi, ko izinin hukuma. Aibinsa shi ne ya ɗauki abin da ba makawa sai da shi, ya mayar da shi abin da ya wadatar shi kaɗai. Na tabbata ɗaya amsar da ka bari haka ta faɗa, da doguwar Turanci mai sa barci.

Amsarka tana da ma'ana a taron hukumar ɗakin karatu, inda ake shawarar ko ya dace a buɗe. Amma mutumin bai ce ya dace ba, cewa ya yi za a buɗe. Kai ka shigo da gardamar da ba a yi ba. Wannan ne ya riƙe ni wata uku lokacin da nake shirin tawa. Mu mun taso a majalisa, inda in mutum ya kawo magana sai ka kawo masa abin da ka sani na duniya ka ƙure shi. Jarrabawar nan ba ruwanta da abin da ka sani. Ko an ce maka kifi na hawa bishiya, karɓa za ka yi, ka duba ko hukuncin da aka yanke ya fito daga cikin abin da aka faɗa. Kafin ka kalli amsoshin, ware hukuncin gefe, ware dalilan gefe, ka faɗi da bakinka ramin da ke tsakaninsu. In ba ka iya faɗa ba, amsoshin ne za su ja ka, kuma da gangan aka rubuta huɗu daga cikinsu don su ja ka.

Barista Bagauda, Kano

Ɗan Fagge, tambaya ɗaya. Me ka karanta a gida? In LL.B gare ka, wato digirin farko na lauya, wahalar banza kake sha, domin digiri na biyu na LL.M shekara ɗaya ne kuma ba a neman LSAT. Jihar New York ma tana barin waɗanda suka yi karatun lauya a ƙasashen da ke bin tsarin shari'ar Ingila su zauna jarrabawar lauyoyinta bayan an tantance takardunsu, wasu sai sun haɗa da LL.M ɗin. Abokan karatuna biyu ta nan suka bi.

Ɗan Fagge, New York

Barista, ai da haka ne da na huta. Kimiyyar siyasa na karanta, JAMB ba ta ba ni lauya ba tun farko. Saboda haka sai dai J.D, digirin lauya na Amurka, shekara uku cur. Malam Na-Zaure, Allah ya saka da alheri, na koma na duba, amsar da na bari ita ce ka faɗa kusan kalma da kalma. Na ji kunya da misalin buta.

Maman Hanifa, Minnesota

Sannu ɗan'uwa. Ni ina shekara ta biyu a makarantar lauya yanzu, da goyo na yi shirin jarrabawar, to bari in faɗa maka abin da na ga kana yi ba daidai ba: gwaji ya yi maka yawa. Shida a jere da maki ɗaya, auna hatsi kake ta yi a mudu ɗaya kana jiran ya ƙaru. Ka ajiye cikakken gwaji na mako uku.

Abin da ya tayar da ni daga 155 littafin rubutu ne na dala biyu. Zan yi sashe ɗaya da agogo, in sa alama a duk tambayar da na yi shakka. Kafin in duba amsa, sai in koma kan masu alamar ba agogo, ko za ta ci minti goma. Wadda na gyara da kaina, lokaci ne matsalata. Wadda na sake faɗuwa ba agogo, fahimta ce babu, ita nake rubutawa a littafin: me ya ja ni zuwa amsar banza, wace kalma ce ta kashe ta, me ya sa na ƙi ta gaskiya. Bayan wata ɗaya na karanta littafin daga farko, sai na ga kuskure uku ne kacal nake ta maimaitawa cikin riga daban-daban.

Ɗaya daga ciki shi ne tambayar zaton da hujja ba ta tsayuwa sai da shi. Ga dabarar: ka kore amsar, ka ga ko ginin zai rushe. Mai shayi ya ce, tun da na dawo bakin tasha ciniki ya ƙaru, don haka wurin ne ya kawo kasuwa. Amsa ta farko: duk mai shayin da ke bakin tasha yana ciniki. Ta biyu: ba shigowar hunturu kaɗai ce ta ƙara masa ciniki ba. Ta farko ta fi daɗin ji, ni ita nake ɗauka a da. To kore ta: akwai wani mai shayi a tasha da ba ya ciniki. Sai me? Maganar mutuminmu tana nan daram. Kore ta biyu: hunturu kaɗai ne ya ƙara cinikin. Shi ke nan, tasha ta tashi a banza. Ta biyu ce amsa. A irin wannan tambaya, amsa mai "duk" da "kullum" da "ko kaɗan" ka yi mata kallon tuhuma, mai sanyin murya ita ta fi zama daidai. Amma kada ka kai wannan ga tambayar da ke neman zaton da zai rufe ramin gaba ɗaya, can mai ƙarfin ake so. Karanta ainihin abin da aka tambaya sau biyu.

Kuma ka bar tambayoyin da masu kwas ke ƙirƙira. Hukumar LSAC da ke shirya jarrabawar tana da tsofaffin tambayoyinta na gaske a LawHub, akwai 'yan gwaje-gwaje kyauta. Kada ka yi rajista don "gwada sa'a": sau biyar aka yarda ka zauna cikin shekara biyar, sau bakwai a rayuwa, kuma makarantu suna ganin tarihin zamanka ko da mafi yawansu babban makin suke dubawa.

Bakatsine

Ni ban yarda a ajiye agogo har mako uku ba, hannu yana sanyi. Ko sashe ɗaya ne a riƙa yi da lokaci duk kwana biyu. Sannan ba a rage maki don an faɗi tambaya, kada ka bar ko ɗaya ba amsa. Doguwar nan da ake cewa ka nemo hujja mai kama da wannan, tsallake ta ka dawo, maki ɗaya ne da ita da mai sauƙi. Sashe huɗu za ka tarar ranar, ɗaya ba a ba shi maki, amma ba za a gaya maka wanne ba, kada ka ɓata lokaci wajen canka.

Ɗan Fagge, New York

Na gode ƙwarai. Anti Maman Hanifa, na sayi littafin, na koma kan gwaji biyu na baya. Cikin tambayoyi 21 da na faɗi a gwaji ɗaya, bakwai suna da kalmar "unless" ko "only if". Da na gan su kaina ke juyewa, in rasa wanne ne sharaɗin wanne.

Maman Hanifa, Minnesota

Mayar da su Hausa a zuciyarka, dukansu "ba… sai" ne. Ba shiga sai da tikiti. Abin da ya biyo bayan "sai" shi ne alwalar Malam. Daga nan abu biyu kawai ka sani: wanda ya shiga yana da tikiti, wanda ba shi da tikiti bai shiga ba. Mai tikiti a aljihu kuwa ƙila yana waje yana cin tsire. Yi bakwai ɗin nan da haka daren yau, ka turo mana wadda ta ƙi.