Neman shawara: lissafin mahaɗan Ingilishi ya ƙi daidaita a taskokin rubutu huɗu

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa ɗalibai. Ina cikin damuwa, kuma ina roƙon ku taimaka mini da shawara. Ina digiri na biyu a nazarin harshen Ingilishi, kundina kuma a kan mahaɗai ne irin su "and", "but" da "or", wato masu haɗa abu biyu da suke da matsayi ɗaya a jumla. Tun farko ba wannan batun na so ba. Na so in yi a kan Ingilishin jaridunmu, sai malamin da ya fara duba aikina ya tafi hutun bincike, wanda ya gaje shi kuma ya ce in koma kan taskokin rubutu, wato manyan tarin rubuce-rubuce da ake nazari a kwamfuta, waɗanda aka riga aka sanya wa kalmominsu alamomin nahawu. A tsakani na haihu, kwamfutata ta lalace, na sake tattara komai daga farko, har zangon karatu biyu suka wuce ni.

Taskoki huɗu na ɗauka: Brown, da BNC (British National Corpus), da sashen jaridar Wall Street Journal na Penn Treebank, da English Web Treebank. Na ƙirga duk kalmar da take ɗauke da alamar CC a Brown da Penn, da CJC a BNC, da CCONJ a ta ƙarshen, wato alamar da kowace taska take sanya wa irin waɗannan mahaɗai, na zuba su a jadawali ɗaya. Malamina ya dawo mini da babin ya rubuta tambaya ɗaya tak: me kika ƙirga? Da na koma na duba, sai na tarar da "plus" da "both" a cikin jerin Penn. Saura mako shida in kare aikin a sashe. Ta ina zan fara?

Malamin nahawu:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, tambayar malaminki tana kan hanya, domin abu huɗu daban kika ƙirga, kika ba su suna ɗaya. Alamar da kike gani a jikin kalma hukunci ne da masu gina taskar suka yanke, kuma kowace taska da ƙa'idarta. Jagorar da Beatrice Santorini ta rubuta wa Penn Treebank ta sa "plus", "minus", "times" da "over" na lissafi a ƙarƙashin CC, ta sa "for" mai ma'anar "saboda" a nan ma, amma "so" mai ma'anar "domin" ta kai shi IN, wajen mahaɗan da suke jingina ganga (sashen jumla mai ɗauke da aikatau) a kan wata. Shi kuma "both" na "both... and" CC ne a Penn, alhali a Brown kalmar tana da alamarta daban, ABX. Shawarata ɗaya ce: ki watsar da ukun farko, ki tsaya a kan tsarin Universal Dependencies kaɗai, wanda yake nuna dangantakar kalmomi a cikin jumla. Ki haɗa English Web Treebank da GUM ta Jami'ar Georgetown, tunda tsari ɗaya suke bi. A can za ki ga abin da mahaɗin ya haɗa ta alamomin dangantaka conj (abin da aka haɗa) da cc (mahaɗin kansa), "both" da "either" kuma an ware su da cc:preconj. Duk wata hanya ɓata lokaci ce.

Mai neman shawara:
Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. Sai dai ba zan iya watsar da uku ba, domin takardar shawarar binciken da sashe ya amince da ita ta ambaci taskoki huɗu da sunayensu, kuma babi na biyu gaba ɗaya a kansu na gina shi. Dalilin zaɓensu kuwa shi ne ina so in nuna sauyin da aka samu daga 1961 zuwa zamanin intanet.

Tsohuwar ɗaliba:
'Yar'uwa, wannan magana ta sauyin zamani ita ta fi ba ni tsoro. Brown rubutun Amurka ne na 1961, guntaye 500 daga fannoni daban-daban, kalmomi wajen miliyan ɗaya. Sashen Penn da kika ɗauka labaran jaridar kasuwanci ne na 1989. BNC ta Birtaniya ce, kalmomi miliyan 100, kashi goma cikin ɗari magana ce ta baki. Idan kika ga "and" ya fi yawa a wata, ta yaya za ki san ko zamani ne ya jawo, ko ƙasa, ko nau'in rubutu? Ni irin wannan ce ta same ni. Malamin da ya duba aikina ya riƙe babina na huɗu wata biyar bai buɗe ba, ranar karewa kuma ya zauna shiru mai jarrabawa daga waje yana yi mini wannan tambayar, har yau abin yana yi mini ciwo. Da ni ce ke, Brown da LOB zan ɗauka, tunda an gina LOB a kan tsarin Brown da rubutun Birtaniya na shekarar 1961 ɗin, sannan in ƙara Frown da FLOB, takwarorin Brown da LOB na farkon shekarun 1990, idan lallai sai an yi maganar zamani.

Malamin nahawu:
Hajiya, da girmamawa, wannan hanyar za ta mayar da ita ƙirgar kalmomi zalla, wadda ita ce asalin matsalar. Sanin sau nawa "and" ya fito bai gaya wa kowa komai ba, muddin ba a san ko suna biyu ya haɗa ko ganga biyu ba. Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa gane wannan, domin "da" namu yana haɗa yankin suna, mu ce "da Audu da Bala", amma ba ya haɗa jumla da jumla, sai mu nemi "kuma" ko mu jera su kawai. Ingilishi yana yin aikin biyu da kalma ɗaya, kuma alamar ajin kalma kaɗai ba ta raba su.

Mai harhaɗa manhaja:
Malama, ba ki faɗi wane fitowa na English Web Treebank kike amfani da shi ba, kuma wannan yana da muhimmanci. A tsari na farko na Universal Dependencies alamar CONJ ce, kuma mahaɗin yana rataye ne a jikin abu na farko da aka haɗa. Daga tsari na biyu, wanda taskokinsa suka fito a 2017, alamar ta koma CCONJ, mahaɗin kuma ya koma jikin abin da yake biye da shi. Sannan ki lura da "as well as": a Penn kalmomin uku ba su ɗauke da CC, sai a bishiyar jumla, wato zanen tsarin ginin jumla, za ki same su a ƙarƙashin CONJP, alamar mahaɗi mai kalmomi da yawa, don haka ƙirgarki ta tsallake su. BNC kuwa manhajar CLAWS ta Jami'ar Lancaster ce ta sanya mata alamomi, alhali na Penn mutane sun bi sun gyara da hannu. Na taɓa yi wa wani ɗalibi irin wannan aikin na tsawon mako uku, bai ko ambace ni a shafin godiya ba, shi ya sa yanzu bayani kawai nake bayarwa. Ki bar taskokin huɗu yadda suke, ki taƙaita kan "and", "but", "or" da "nor", ki ba da adadin a kan kowace kalma miliyan ɗaya.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai. Fayil ɗin wata abokiyar karatu ce ta ba ni a filashi, amma tunda CCONJ na gani a ciki, ina ganin sabon ne. Batun taƙaitawa kuma, ba na jin zan iya cire "yet" da "so", domin a kansu na rubuta shafukan da malamina ya yaba. Kuma ni ban yarda cewa ƙirgar ba ta da amfani ba, wata huɗu na yi a kanta.

Malamin nahawu:
To ai "yet" da "so" su ne inda taskokin suka fi saɓa wa juna, tunda kowannensu yana iya zama bayanau a wata jumlar. Idan kin dage sai kin riƙe su, dole ki zaro misalai daga kowace taska ki bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu, kuma mako shida ba zai ishe ki ba. Na riga na faɗa miki abin da zai fisshe ki.

Tsohuwar ɗaliba:
Malam, ba kai za ka tsaya gaban kwamitin ba. 'Yar'uwa, ki je wurin malaminki da jadawalin ƙa'idojin taskokin huɗu kafin ki taɓa komai.

Mai neman shawara:
Ya yi tafiya, sai ƙarshen wata zai dawo, kuma ba ya amsa saƙo. Idan na bar jadawalin yadda yake, na ƙara shafi biyu ina bayyana bambancin alamomin, kuna ganin kwamitin zai karɓa? Sannan ko akwai wanda yake da jagorar Santorini ya turo mini?