Tiyatar jijiyar kafaɗa: ɗinki layi ɗaya ko layi biyu, wanne ya fi kamawa?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum. Ni kafinta ne, rufin kwano nake yi, shekarata 56. Wata biyar ke nan tsani ya zame da ni a wajen aiki, na kai hannun dama na cafke katako don kada in faɗo, sai na ji wani abu ya ce ɓas a kafaɗata. Allah ya kiyaye ban faɗo ba, amma tun ranar hannun ya daina yi mini biyayya. Maɗori ya ce targaɗe ne, ya ja ya ɗaure, wata biyu shiru. Yanzu ko kabbarar harama zan yi, da ƙyar hannun ke kaiwa kafaɗa. Hula da hagu nake sa ta. Dare kuwa ba a magana, da na juya ta dama zogi zai tashe ni.

An yi mini hoton MRI. Likitan ƙashi ya ce jijiyar sama ta ɓalle daga jikin ƙashi gaba ɗaya, yagar ta kai santimita 3, kuma ta ɗan ja baya. Ya ce za a yi aikin da kyamara, a kafa ƙananan ƙusoshi masu zare a ƙashi a ɗaure ta. Akwai ɗinki layi ɗaya, akwai layi biyu, na biyun ya fi tsada don ƙusoshinsa sun fi yawa. Ya kuma ambaci wani faci da ake ɗorawa kan jijiyar don ƙarfafa ta, da allurar jinin jikina. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ya ce ko an ɗinka tana iya sake ɓallewa. Ina da ciwon suga shekara bakwai. Don Allah masu sani, me ke sa ɗinkin ya kama? Kuɗin da na tara ba na tiyata biyu ba ne.

Likitan Ƙashi:

Wa alaikumus salam Malam, sannu da jiki. Ban ga hotonka ba, likitanka ne mai yanke hukunci, amma bari in buɗe maka maganar yadda za ka iya zama da shi ku tattauna.

Jijiyoyi huɗu ne suka rungumi kan ƙashin dantse suna juya shi, kuma ta saman nan ita ta fi yawan yagewa. Zare da ƙusa ba su ne waraka ba. Aikinsu su danne jijiyar a kan ƙashi har jiki ya haɗa su da kansa, kamar yadda kake matse katako biyu kafin gam ya bushe. Jiki kuma da tabo yake haɗawa, ba ya mayar da irin mannewar da aka haife ka da ita, shi ya sa watanni uku zuwa shida na farko ne lokacin da aka fi samun sake ɓallewa.

A 2004 wasu likitoci a St. Louis ta Amurka sun bibiyi mutum 18 da aka gyara wa manyan yaga da kyamara, suka tarar 17 sun sake buɗewa, duk da cewa yawancinsu ciwon ya ragu kuma hannu ya fi aiki. Irin wannan sakamako na cikin abin da ya sa aka dage wajen inganta ɗinki.

Layi ɗaya yana kama bakin jijiyar a 'yan wurare. Layi biyu kuwa, ana kafa ƙusoshi daga ciki, a ratso zaren ta cikin jijiyar, a gicciya shi ta sama zuwa wasu ƙusoshi daga waje, sai ta kwanta shimfiɗe a kan duk gurbinta na asali. A ƙaramar yaga bambancin ba shi da yawa. Daga santimita 3 zuwa sama, hotunan da ake ɗauka bayan aiki sun fi nuna layi biyu ya riƙe. Da ni ne kai, da na karkata can, da sharaɗin jijiyar ta iso gurbinta ba da tsiya ba. In aka ja ta da ƙarfi aka ɗaure tam, tana iya tsinkewa ta baya, kusa da tsoka, kuma wannan ya fi wuyar gyara. Likita mai hannu yakan fara saki inda ta manne, in har ba ta iso ba ya ɗan matso da wurin ɗaurin ciki.

Akwai dabarar da ba ta cin kuɗi sosai: a kankare gurbin, a yi masa ƙananan huji don jini da ɓargo su tsatso ƙarƙashin jijiyar. Ka tambaye shi ko yana yi. Allurar jini da ya ce, PRP ke nan. Ana ɗibar jininka a juya shi a na'ura a tace ƙwayoyin da ke sa jini daskarewa. Wasu bincike sun nuna tana rage sake yagewa, wasu ba su ga bambanci ba. In kuɗi ya yi kaɗan, ita zan fara ajiyewa, ba ƙusa ba. Faci kuwa an fi buƙatarsa ga yaga babba ƙwarai, ko jijiyar da ta yi laushi, ko aiki na biyu.

Tambaya ɗaya da ba ka kawo ba: nawa kitse ya shiga tsokar? Tsokar da jijiyarta ta ɓalle tana ramewa kitse ya cika ta, kuma ba ya fita bayan gyara. Tun 1994 wani likitan Faransa mai suna Goutallier ya kasa abin mataki 0 zuwa 4. Wata biyar sun riga sun tafi, kada ka ƙara wasu biyar.

Hajiya Maman Sadiq:

Sannu Baban Ummi. An yi mini a hagu shekara biyu da suka wuce, layi biyu, ƙusa huɗu. Alhamdulillahi yau ina shanya, ina ɗaura ɗankwali da kaina. Amma sati shida na farko sun gwada haƙurina. A zaune nake barci, an jera mini filo uku a baya, ɗaya a ƙarƙashin gwiwar hannu. 'Yata ke sa mini riga, hannun ciwo ake fara zurawa. Ranar da jikana ya yi tuntuɓe a gabana na miƙa hannun ban sani ba, na kwana ina kuka don tsoron na ɓata aikin. Allah ya taimaka bai ɓaci ba. Ka tanadi wanda zai tsaya maka a gida da wajen aiki tun kafin ranar.

Abu Hafsat:

Likita, ni facin nan ne ya dame ni. Da me ake yin sa? Na ji an ce har da alade.

Likitan Ƙashi:

Gaskiya ne, tambayar tana kan hanya. Akwai na fatar mutum da aka bayar aka wanke ƙwayoyinta, akwai na jijiyar saniya, akwai na fata ko hanjin alade, akwai na zaren roba. Wani lokaci ma daga cinyar mai ciwon ake yanko shi. Haƙƙin mara lafiya ne a gaya masa sunan abin da asalinsa kafin ya sa hannu a takarda.

Mai Gashin Ƙashi:

Baba, mu ake turo wa mutane bayan tiyata, kuma masu sana'ar hannu su suka fi ba mu tsoro. Ciwo na lafawa a sati na uku sai mutum ya ɗauka ya warke, ya sauke abin rataye hannun ya ɗauki guduma. A lokacin zare ne kaɗai ke riƙe da jijiyar. Yawanci sati huɗu zuwa shida hannu na rataye, mu ne ke motsa maka shi kai kuma ka sake jiki. Daga nan ka fara ɗagawa da kanka. Ƙarfafa tsoka sai wajen sati goma sha biyu. Aikin sama da kai irin naka, ka sa wata shida a lissafi, yana iya fin haka.

Sugan nan kuma ka ɗauke shi da muhimmanci kamar tiyatar. Yana jinkirta haɗuwar nama, yana kuma sa kafaɗa ta sandare. A yi maka gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suganka ya kasance a wata uku. In kana shan taba ka bari tun yanzu, tana matse ƙananan hanyoyin jinin da wurin ke buƙata. Kada kuma ka yarda a yi maka allurar kashe kumburi a cikin kafaɗar dab da aiki ba da sanin mai tiyatar ba.

Baban Ummi:

Allah ya saka muku da alheri, Likita, Hajiya, da kai ɗana. Taba ban taɓa sha ba. Amma allurar kafaɗar nan an yi mini ɗaya a kemis sati uku da suka wuce, ban ko gaya wa likitan ba, na ɗauka ba komai ba ce. Ranar Litinin zan koma in faɗa masa, in tambayi matakin kitsen da maganar hujin ƙashi. Gwajin sugan gobe da safe in Allah ya kai mu. Akwai rufi biyu da na karɓa, na kira babban yarona na ce ya ƙarasa su.