Abin da muka tattauna kan kaɗaicin tsofaffinmu

Na tattaro abin da jama'a suka faɗa kan yadda za a rage wa tsofaffi kaɗaici, ga shi a taƙaice:

1. Kusan kowa ya yarda ciwon tsoho ba yunwa kaɗai ba ce. Ana aika kuɗi da buhun shinkafa, amma sai kaka ta wuni a ɗaki ita da rediyo.

2. A riƙa tura jikoki, ba sai da sallah ba. Wasan kaka da jika ya isa magani: ta ce masa "maigidana", ta ce wa 'yar jikar "kishiya", sai dariya. A bar su su ci goro, su yi tatsuniya, yaron ya ɗauki tarihin gida a waya.

3. Samarin majalisa su saba leƙa zauren dattawa bayan sallar Juma'a.

4. Kan kiran bidiyo na WhatsApp ne aka rabu. Mazauna nesa sun ce ya fi babu. Wasu suka ce tsofaffi da yawa idonsu da kunnensu sun yi rauni, kuma kiran yana sa 'ya'ya jin sun sauke nauyi. Ni dai ina tare da na biyun.

5. Gidan gajiyayyu irin na Shahuci a Kano: mafi yawa sun ce sai ga wanda ba shi da kowa, shi ma ɗalibai su riƙa kai masa ziyara.