Sa wa ƙololuwa alama a zanen 3D mai layuka da yawa

Rahinatu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina aikin kammala karatu a jami'ar KNUST da ke Kumasi, kan yadda hasken rana ke karya rinin methylene blue a cikin ruwa. Duk bayan minti 10 nakan auna da na'urar UV-Vis mai auna yawan hasken da rinin ke sha, kowane awo ya ba ni layi guda, layuka sun taru, na jera su ɗaya bayan ɗaya a zanen 3D. Malamina yana so a ga alama a kan ƙololuwar kowane layi. Da hannu nake ta dannawa, idona ya gaji. Wace manhaja ta fi?

Fuseini: Wa alaikumus salam. In ɗakin gwajinku na da OriginPro, shiga Peak Analyzer, ki saita layi ɗaya, ki adana saitin, sai ki sa shi ya bi sauran. Lasisinsa dai da tsada.

Malam Alhassan: Ƙanwata, kowace manhaja kika ɗauka, kada ki nemi ƙololuwa a jikin zane. A zanen 3D kusurwar da kike kallo tana yaudarar ido, layin baya kan yi kamar ya fi na gaba tsawo alhali bai fi ba. A alƙaluma ake nema, zane ya zo daga baya. Ni Python nake so, kyauta ne. Akwai umarnin nemo ƙololuwa mai suna find_peaks a cikin SciPy, kunshin lissafi na Python. Abin da za ki kula da shi sosai shi ne prominence, wato yadda tudu ya ɗara abin da ke kewaye da shi. In ba ki saita shi ba, duk ɗan rawar da na'ura ta yi sai ya ƙirga ta ƙololuwa, musamman a layukan ƙarshe da rinin ya kusa ƙarewa.

Wani abu kuma da na fi damuwa da shi: methylene blue yana da ƙololuwa wajen 664 nm (nanomita, ma'aunin tsawon zangon haske), da ɗan kafaɗa kusa da 610. Ɗalibai da yawa sukan kafe a 664 su karanta kowane layi a wurin. Ki ba shi fili daga 600 zuwa 700 ya nemo da kansa, domin in rinin yana zubar da methyl ɗinsa, wato wasu ƙananan sassa na ƙwayarsa, ƙololuwar takan matsa zuwa ƙaramar lamba. Wannan matsawar sakamako ce, tana gaya miki hanyar da rinin ke bi yana karyewa. Kada ki ɓoye ta.

Sadiya: Malam ya gama magana. Ƙari na kawai, a Matplotlib, kunshin zane na Python, ɗigogin alamar sukan ɓuya a bayan layuka. Sa computed_zorder=False, sai ki ɗora su a sama da kanki. Kuma don Allah kada ki rubuta lamba a kan kowane ɗigo, zanen zai cushe. Haɗa ɗigogin da jan layi guda, ki rubuta ta farko da ta ƙarshe.

Mubarak: Masu MATLAB, findpeaks yana cikin Signal Processing Toolbox, ba kowane lasisi ke da shi ba. Yaya Rahinatu, in kwamfutarki ba ta da ƙarfi, yi Python ɗin a Google Colab da ke aiki ta intanet, ko an ɗauke wuta a unguwar Aboabo aikin na nan.

Rahinatu: Allah ya saka da alheri. Malam, layukan ƙarshe suna rawa sosai, in goge su su yi sumul?

Malam Alhassan: Kaɗan. Yi amfani da savgol_filter, hanyar Savitzky da Golay ta 1964, amma in kika faɗaɗa tagarsa, wato yawan alƙaluman da yake haɗawa lokaci guda, zai danne tsawon ƙololuwar, lissafinki ya karkace. Nemo wurin a gogaggen layi, ki karanta tsawon a na asali. Sannan ki yi wani zane na fili, wato 2D, mai nuna yadda tsawon ƙololuwa ke sauyawa da lokaci. Daga shi za ki fitar da saurin karyewar, kuma shi masu jarrabawa za su tsaya a kai.

Rahinatu: To prominence nawa zan sa?

Malam Alhassan: Dubi rawar layin wajen 750 nm inda rinin ba ya shan haske, ki ninka ta sau uku ki fara da hakan. Turo min fayil ɗin alƙaluman na CSV bayan isha'i in duba.