Sun ɓoye min ciwon mijina, alƙali zai raba auren?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a sakaya sunana. Aurenmu shekara 2, ɗa ɗaya. Gwaggona ce ta haɗa mu, ta yi ta yabonsa, wai ko goro ba ya ci, aka kawo lefe akwati 6, har gobe maƙwabta na zancensa. Yanzu sai ya kwana uku bai runtsa ba, yana surutu shi kaɗai. Ranar Talata ya kulle mu a ɗaki ni da yaron wai ana bin mu. Ashe tun yana saurayi yake karɓar magani a asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, katin na gani a jakar Hajiyarsu. Ba ni da kuɗin khul'i.

Malama Ummu Sadiq: Wa ya ce miki khul'i? Fasakhi ake nema, wato alƙali ya warware auren. A Malikiyya hauka na cikin aibobin da ake raba aure saboda su, tare da kuturta da albaras, yana nan a littafin Mukhtasar Khalil. Ki je kotun shari'a da waliyyinki da katin. In ana sa ran warkewa, alƙali zai ba shi shekara 1 ya yi magani. Amma yaushe kika ga katin? In kin sani kika yarda kika ci gaba da zaman aure, zaɓinki na iya faɗuwa.

Maman Ilham: Ƙanwata, a fara ruƙiyya tukuna. Ba komai ne na asibiti ba.

Anti Bilki: Ni nawa lafiyarsa ƙalau, wata 8 ina zaryar kotu, ƙarshe sadakin na mayar, har da kuɗin gaisuwar uwa da uba suka lissafa min. Ki ranta ki biya ki huta.

Malama Ummu Sadiq: Bilki, naki daban. Maman Ilham, in dai ruƙiyyar za ta sa ya bar ƙwayoyinsa, kin cuce shi. Baiwar Allah, na tambaye ki yaushe.

Mai tambaya: Malama, ina da ciki wata 7 a lokacin, ina zan je? Kuma in yana shan maganin babu mai kirkinsa. Hajiya ce ta ce ya daina, wai yana kashe masa jiki.

Maman Ilham: To ashe kina son abinki.

Mai tambaya: Ban ce ba na son sa ba. Tsoro nake ji. Baba kuma ya ce ba zai taka kotu da surukansa ba. Kawuna zai iya tsaya min?